Amayi Blandina da Surukanta na Angola

Amayi Blandina (Amayi uwa ke nan a harshenmu na Chinyanja) mace ce mai yin tafiya alhali tana zaune. Sai mu kasance a bakin tafki muna shanya usipa a kan gadajen kara, hannunta yana ta juya ƙananan kifayen nan, amma in an dubi idonta sai a ga mai gidan ba ta nan. Sai an kira ta an sake kira sannan ta dawo, ta yi ajiyar zuciya, ta tambaya me aka ce. Ƙawarta Amayi Dorika, wadda bakinta ba ya hutu, takan ce mu ƙyale ta, Angola ta je, mu bari ta gama gaisawa da surukai.

Ni Lusiya, dangar kara ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a Chilola, ƙauyenmu na arewacin Mozambik, kuma tare muka yi wasan ƙasa da 'yarta Fidesi. Abin da ban gani da idona ba daga bakinta na ji, a kan gadajen kifin nan.

A nan aka haife ta, 'yar masunci ce. Ta ɗan taɓa makarantar mishan a Messumba, har ta iya karanta littafin addu'a da Chinyanja, ta haddace waƙoƙin sujada, sannan uwarta ta janye ta zuwa gonar rogo. Harshen Fotugis kuwa tun tana budurwa ta tsane shi. Farkon jin da ta yi masa sosai, a bakin sojojin mulkin mallaka ne, ranar da suka sauka daga jiragensu lokacin yaƙin neman 'yanci, suna daka tsawa, suka tara maza suka tafi da su, suka cinna wa kwalekwale wuta. Ta ce har yau in ta ji yaren, warin man jirgi take fara ji kafin ma'ana. Ita da mutanen gidansu suka tsallaka zuwa tsibirin Likoma na Malawi da 'yan tsummokaransu. A can ta auri Yakobe, mai sassaƙa kwalekwale, mutum mai sanyin hali wanda kullum akwai ɓurɓushin itace a gashinsa. A can ta haifi Fidesi, sannan Zakeyo. Da aka sami 'yanci suka dawo gida, aka ce Fotugis ne zai zama harshen ƙasa, na makaranta da ofis. Ta ce su sha zamansu da shi, ita kunnenta na wannan gefen ya toshe.

Fidesi ta fi mu ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Daga makarantar ƙauye aka kai ta Lichinga, daga can sunanta ya fito cikin yaran da za a kai karatu Kuba. Ƙirjinta ma bai gama tasowa ba. Na raka su Metangula ranar da babbar mota ta zo kwasarsu. Amayi ta ƙulle mata soyayyar gyaɗa da busasshen kifi a bakin zani, sannan ta sa aka tambayar mata jami'in da ya zo ko akwai tafki a wannan Kubar. Ya yi dariya ya ce ai ƙasar gaba ɗayanta a tsakiyar ruwa take. Sai hankalinta ya kwanta. Ta ce to shi ke nan, kamar Likoma ne, yarinya ba za ta yi kewa ba. Motar ta hau dutse da ƙyar tana hayaƙi, Fidesi tana ɗaga mana hannu har kwana ta ɓoye ta.

Da farko saƙo yana zuwa jefi-jefi. Sai yaƙi na biyu ya iso bakin tafki, na tsakaninmu, wanda har yanzu tsofaffi ba sa son kiran sunansa. Muka sake gudu. Kwalekwale biyu manya suka ɗebi mutanen unguwarmu, mata da yara a ɗaya, maza da kaya a ɗaya. Muna tsakiyar ruwa iskar kudu ta taso. Namu ya kai gaci. Na maza ya kife muna gani, kuma Yakobe yana cikin waɗanda tafki bai mayar ba. Muka yi shekaru a sansanin gudun hijira a Malawi muna cin masarar taimako. Da muka dawo, ciyawa ta fi mu tsawo, itacen ɓaure ya tsiro a tsakiyar cocinmu inda rufi ya rufta. Muka share ƙarƙashinsa muka ci gaba da sujada a nan, sama tana leƙo mu.

Labarin Fidesi bai zo ba sai bayan sulhu da daɗewa, ta bakin wani Tiburcio ɗan Metangula, wanda tare aka kai su Kuba. Ya zo sayen kifi, aka nuna masa Amayi, ya tsaya yana kallonta kamar ya ga fatalwa. Ya ce ai Fidesi ta gama karatun jinya ta dawo Maputo, ta nemi hanyar gida babu, sai wani ɗan yankinmu ya rantse mata cewa da idonsa ya ga ƙauyen a ƙone, kuma iyayenta duka sun nutse a tafki. Ta yi makoki, ta sa aka yi musu addu'a. Daga baya ta auri wani abokin karatunsu ɗan Angola, ta bi shi ƙasarsu, can arewa wajen tuddai. Sunan garin ne ya kwance masa. Abin da ya iya tunawa kawai, mutumin yana da tsawo, kuma shi ma ɗan cocin Anglika ne irinmu, don a ɓoye su biyun suke yin addu'a a makaranta.

Amayi ba ta yi kuka ba ranar. Ta tambayi Tiburcio ta wane gefe Angolar take. Ya nuna mata tsallaken tafki, ya ce bayan duwatsun Malawi, bayan wata ƙasar kuma, har sai ƙasa ta ƙare an tarar da teku. Ta daɗe tana duban wajen. Sannan ta ce ashe dai yarinyar ba ta ɓata ba, tunda Angolar a gaban ƙofarta take.

Daga nan mafarkai suka soma. Kusan kowace safiya tana da sabo, kuma ba ta ɓoye su. Wata rana ta ce ta ga ruwan tafki ya zama kamar gilashi, ta taka ta bi ta ƙarƙashinsa, kifaye suna wucewa ta kafaɗarta, ta tarar da Yakobe zaune a kan yashi yana sassaƙa, ya ɗaga kai ya ce ta miƙe kawai, kada ta yi kwana. Wata rana kuma cocinmu ne ya saki ƙasa ya hau ruwa, da itacen ɓauren da komai, mu duka muna ciki muna waƙa, yana ta tafiya. Ta ce ta ga gidan Fidesi, mai shuɗiyar ƙofa, ga jar ƙasa, ga wasu itatuwa gajeru masu jajayen 'ya'ya da ba ta san sunansu ba. Dorika takan ce in ta koma ta taho mana da tsaraba, ko da gishiri ne, tunda tafiyar ba ta da kuɗin mota.

Ba mafarkin kaɗai ta tsaya a kai ba. Duk wanda zai yi tafiya mai nisa sai ta ba shi sallahu: direba, ɗan kasuwa, baturiyar asibiti, sojan da ya zo hutu. In ka gamu da 'yan Angola, ka tambayar min Fidesi 'yar Yakobe. Kowa sai ya ce to, don ganin girmanta. Tsakanin haka tana noman rogonta, ta aurar da Zakeyo, ta zama babba a zumuntar mata. Ita ke wanke fararen mayafan bagade a kan dutse, ta shanya su a kan ciyawa, ba ta yarda wani hannu ya taɓa su.

Cocinmu a lokacin a ƙarƙashin Afirka ta Kudu yake. In an yi babban taro can ake zuwa, kuma da Ingilishi ake komai. Wakilanmu su zauna da abin fassara a kunne, kafin maganar ta iso gare su an wuce zuwa wata, su dawo da ciwon kai da hotuna. 'Yan Angola ma haka suke zama a can, a ɗaya kusurwar, kuma a wajen cin abinci ne suka gano cewa da namu suke iya hira ba tafinta. Sannu a hankali zance ya taso cewa me zai hana cocin Mozambik da na Angola su haɗu su zama lardi guda mai cin gashin kansa, da nasa babban bishop, a yi taro da harshen da kowa yake ji. Shekaru aka yi ana wannan magana, ta taso ta kwanta.

Wata shekara aka zaɓi limaminmu, Padre Anselmo, cikin waɗanda za su je Maputo zama da baƙi daga Angola a kan wannan batu. Amayi ta tare shi yana ɗaura jaka a bayan babur, ta ba shi sallahun da ta saba.

Ya ce: "Amayi, Angola fa ba Metangula ba ce. Ta fi ƙasar nan girma."

Ta ce: "Na sani, ɗana. Amma kada ka tambayi masu farar kwala irinka, ba abin da suka sani. Ka tambayi mata."

Ya gaya mana daga baya cewa ya so ya manta, sai ranar ƙarshe ya tsinci kansa a layin abinci bayan wata mata mai kauri 'yar zumuntar matan Uíge, wani gari a arewacin Angola. Don dai ya sauke nauyi ya tambaye ta. Matar ta ajiye farantinta. Ta ce ko Mama Mozambik yake nufi, ungozomar da rabin yaran unguwarsu a hannunta suka faɗo? Matar marigayi Lukoki? Ai ba ta da kowa, marainiya ce, kowace shekara takan sa a karanta sunan iyayenta cikin matattu. Padre ya ce to a daina karanta ɗaya daga ciki, don ya bar ta tana wankin mayafai.

A Chilola waya ba ta kamawa sai an hau tudun kuka, inda itacen kuka yake. Ranar da aka shirya za a haɗa ta da Fidesi, da hantsi, muka hau mu huɗu: Amayi, Zakeyo, Padre da ni. Ta ɗaura sabon zani kamar za a gan ta. Da wayar ta shiga, muka ji muryar wata mata babba, mai kauri, ba muryar yarinyar da muka sani ba. Ta ce "Amayi," sai ta tsaya. Ta sake cewa "Amayi." Ta yi ƙoƙarin haɗa gaisuwa da Chinyanja, kalmomin suka watse mata. Shekara arba'in ba ta da wanda za ta yi shi da shi, ta bi ta Sifaniyanci, ta zauna cikin Fotugis da yaren mijinta. Sai kawai ta shiga kiran abin da ya rage mata: sunan kifaye, sunan iskar kudu, sunan karenmu da ya mutu tun muna yara, sunana. Amayi tana amsa kowanne da "I, 'yata," kamar ana kiran sunan jikokinta. Daga nan Fidesi ta ɓarke da Fotugis tana kuka, Padre yana fassarawa.

Muka sauko daga tudun. Da muka iso bakin danga Amayi ta juyo ta ce wa Padre ta gode, Allah ya saka, amma ita ba za ta riƙa hira da 'yarta ta bakin namiji ba. Akwai abubuwan da take son tambaya waɗanda ba na kunnensa ba ne.

Washegari aka gan ta a ajin yaƙi da jahilci da malamar firamare take yi wa manya da Fotugis a gindin mangwaro, ta shimfiɗa tabarma a sahun gaba. Ta haura saba'in a lokacin. Dorika ta biyo ta har wurin don tsiya, ta tsaya riƙe da ƙugu ta ce ashe kunnen da ya toshe ya buɗe, wane boka ne ya yi aikin?

Amayi ta ce: "Ke dai tafi, kifinki yana can kaji na ci. In na iya, da shi zan zage ki, ki ce amin."

Ba da sauƙi ya shiga ba. Harshenta yakan ƙi lanƙwasa, ta mai da namiji mace, ta ce wa malama ina kwana da yamma. Ta taɓa gaya wa Fidesi ta waya cewa Zakeyo yana da ciki, alhali matarsa take nufi, muka ji dariyar tana fitowa daga Angola. Amma ta nace. Tana kirɓa rogo tana maimaita kalmomi, tana yi wa awakinta magana da Fotugis, wai su ba sa gyara mata. Ta ce wani abu ya ba ta mamaki: kalmomin da ta san su a bakin sojoji, in Fidesi ta faɗe su sai su zo da taushi, kamar an wanke su. Fidesi ma ta can gefen tana tono nata Chinyanjan, kowane mako da abin da ya dawo mata. Suka haɗu a tsakiya da wani yare nasu na su biyu, wanda ko Padre ba ya gane shi duka. A haka Amayi ta ji yadda aka yi yaƙin Angola, yadda Fidesi ta karɓi haihuwa a cikin daji da hasken itace, yadda Lukoki ya rasu da ciwon hanta, da cewa Fidesi ta haifa mata jikoki uku, babbarsu Matondo har ta yi aure. Ta tambayi launin ƙofar gidan. Aka ce koriya ce. Ta ce to an sake fenti.

Da zancen lardin ya kankama, aka ce kowace majami'a ta zauna ta faɗi ra'ayinta. A wajenmu ba kowa ya yi murna ba. Tsofaffi suka ce mu da Malawi muke shan ruwa ɗaya, littafin addu'armu ɗaya, danginmu suna Likoma. Me ya haɗa mu da mutanen da ko iyaka ba mu yi da su ba? Dorika ta miƙe ta ce a daina cewa harshenmu, Fotugis ba na uwar kowa ba ne a nan, an dai canja mana wanda za mu kasa ji ne kawai. Mutane suka yi ta gyaɗa kai, don akwai gaskiya a ciki. Padre ya yi bayani cewa sujadarmu da Chinyanja za ta ci gaba yadda take, taro ne kawai zai dawo kusa. Ba a dai gamsu ba.

Amayi ba mai magana a taro ba ce, amma ranar ta dafa kafaɗata ta tashi.

Ta ce: "Dorika ba ta yi ƙarya ba. Duk cikinku babu wanda ya kai ni ƙin yaren nan. Amma su ma can ba nasu ba ne, kamar mu aka ɗura musu. Ni dai abin da na sani, mutanen nan sun riƙe min yarinya shekara da shekaru, suka ba ta miji, suka ba ta wurin zama a coci, ban aika musu ko ƙwaryar gari ba. In an ce mu zama gida ɗaya da su, ni ba zan ce a'a ba. Surukaina ne."

Ta zauna. Ba a yi tafi ba, ba halinmu ba ne. Wani dattijo ya ce to, in dai surukai ne ai ba a rufe musu ƙofa. Dorika ta yi tsaki ta ce ita dai a rubuta ba ta ƙi ba, ba ta kuma so ba.

Ranar da aka kafa lardin ta faɗo cikin shekarun annoba, lokacin da ake ɗaure hanci da baki, ba a barin taro mai yawa. A Maputo aka yi sujadar, mu kuwa muka kwashi benci muka hau tudun kuka. Padre ya ɗora wayarsa a kan kujera ya haɗa ta da lasifika. Lokacin zafi ne, ana ƙona daji, hayaƙi ya shafe duwatsun Malawi gaba ɗaya, ruwa da sama suka zama abu guda mai launin toka, kwalekwalen masunta suna rataye a ciki kamar ba a kan komai suke ba. Muryoyi suna fitowa daga wayar, su yanke, su dawo. Muka ji an kira sunan cocin Mozambik da Angola a haɗe, muka ji mawaƙa, sai shiru, sai wani yana addu'a daga wata ƙasa mai nisa. Fidesi ta riga ta gaya mana cewa su ma za su taru a farfajiyar cocinsu su saurara a daidai wannan lokacin.

Na duba Amayi, na ga ta tafi. Hannuwanta a kan cinya, idonta a cikin hayaƙin nan, bakinta yana motsi a ƙarƙashin ƙyallen. Ban taɓa ta ba. Sai da aka yi albarka mutane suka fara ɗaukar benci sannan ta dawo. Muna saukowa ta gaya min cewa ta ga benci ya yi tsawo, ya miƙe ta kan ruwa ya shige cikin toka, mutane zaune a kai har iyakar gani, wasu da irin zannuwanmu, wasu da irin da ba ta sani ba. Ta ce can ƙarshe akwai wadda ta matsa ta bar mata wuri, amma ta ji nauyin ta tsallake mutane ana cikin sujada.

Shekarar da ta biyo, da aka buɗe hanyoyi, zumuntar matan sabon lardin ta shirya ziyarar juna, aka sa Fidesi cikin matan Angola da za su zo yankin tafki. Ta sauka daga motar Padre a gindin mangwaro, mace mai jiki, da furfura a goshi da tabarau. Da a kasuwa na gamu da ita da na wuce. Amayi ta tsaya a bakin danga, ba ta ruga ba. Fidesi ta zo ta durƙusa a gabanta har ƙasa, yadda ake yi a nan, ba wanda ya tuna mata. Amayi ta shafa kanta, ta shafa kunnuwanta, ta kama hannunta ta juya tafin tana dubawa. Sannan ta ce da Fotugis ɗinta mai gurguwar ƙafa:

"Kin tsufa, 'yata."

Fidesi ta amsa da Chinyanja: "Ke kika daɗe ba ki zo ɗaukata ba, Amayi."

Sauran matan suka wuce Messumba da Lichinga, ita ta zauna. Ta ci tuwon rogo ta ce nasu na can ya fi laushi, Amayi ta ce wannan ai koko ne ba tuwo ba. Fidesi ta duba duk mata masu ciki na ƙauyen, ta yi wa Dorika faɗa a kan hawan jini, Dorika ta ce daga zuwa har an fara mulkin Angola. Da yamma mukan zauna ni da ita a kan yashi, ƙafafunmu cikin ruwa. Wata safiya da tafki ya kwanta Zakeyo ya tuƙa su su uku zuwa tsakiya, wajen da ake zaton jirgin maza ya kife. Daga gaci muna hango su, ɗan ɗigo a kan ruwa, muna jin waƙar jana'iza tana zuwa tana komawa da iska. Sun daɗe a can.

Da lokacin komawa ya yi, Fidesi ta ce Matondo ta kusa haihuwa, Amayi ta zo ta ga ɗan jikarta, wata biyu kawai. Mun ɗauka za ta ƙi, matar da ko Lichinga ba ta son zuwa. Sai ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshinta a ɗaure, ashe tun kwana uku ta haɗa. Ta damƙa wa matar Zakeyo gonar rogo, ta damƙa min awaki, mayafan bagade kuwa ta kai wa Dorika da kanta, tare da dogon gargaɗi a kan sabulu.

Takan kira ranar Lahadi bayan sujada, mu hau tudu mu saurara. Ta ce jirgin sama bai ba ta tsoro ba, kwalekwale ne da ba ya jiƙa mutum. Ta ce garin yana da sanyi da hazo, ba ruwan da za a zauna a kalla, amma mutanen suna da kirki, suna kiranta kakar kowa. A cocinsu an ba ta kujera a gaba, ta koya wa matan wata waƙarmu, suna yin ta da wani irin lanƙwasa da ya sa ba ta san ko ta yi dariya ko ta yi kuka ba. Da Padre zai je taron lardi na haɗa masa kwandon busasshen usipa ya kai mata ta hannun wakilan Uíge. Ya yi ta ƙorafi cewa rigarsa ta sujada har yau tana ƙarni. Kifin ya isa, ta raba wa dangin Lukoki gida-gida, ta kira ta ce ban juya shi da kyau ba, gefe ɗaya ya fi bushewa.

Da farko ta ce za ta dawo in an yi wa jaririn baftisma. Aka yi. Ta ce bari ya fara zama, don Matondo ba ta iya goyo ba. Daga baya ta ce bari ya taka ƙasa. Makon jiya da ta kira, ina jin ta tana yi wa wani tsawa ya sauko daga kan tebur, yana ƙyalƙyala dariya yana gudu. Zakeyo ya sake wa ɗakinta jinka kafin damina, ya zo ya ce ko zai karɓi awakin ya rage min wahala, sun yi yawa yanzu. Na ce ya bar su a nan tukuna.